Baƙon Ɗan Kurket a Ingila: Tsohon Kulob na 'Yan Gari, ko Ƙungiyar Dangi?

Wasan kurket ba ya daga cikin wasannin da mutum biyu ko uku za su ƙulla a ƙofar gida da la'asar sakaliya, kamar yadda yaranmu kan yi da tamaula, gama shi ba ya yiwuwa sai an sami mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare, da alƙalai biyu, da mai rubuta maki, da filin da aka yi shekaru ana ɗawainiya da shi, sa'an nan da yini guda cur wanda dukan waɗannan mutane suka yarda su hana iyalinsu su ba wasa. Don haka in aiki, ko karatu, ko aure ya ɗauke ɗan wasa daga Landan ya ajiye shi a Bradford, ko daga Lahore ya ajiye shi a Birmingham, sandar bugunsa da fararen tufafinsa za su shiga jaka ɗaya su bi shi, amma mutum goman da ya saba tsayawa da su a fili can za su zauna. Kuma kafin ƙarshen watan Afrilu, lokacin da ake buɗe kakar wasa a Ingila, wajibi ne ya nemi waɗansu goma, ko kuwa ya shekara yana kallo ta bayan shinge.

Mu a nan saninmu da wannan wasa kaɗan ne, ko da yake an buga shi a Kwalejin Katsina tun Sardauna Ahmadu Bello yana ɗalibi, masu kallon finafinan Indiya kuma sun gan shi a Lagaan na 2001. Amma mas'alar da ke gaban wannan baƙo tsohuwa ce wurin jikokin fatake, domin kowane falken da ya isa Kumasi ya san akwai sauka a zango wurin masu harshensa da alƙiblarsa, akwai kuma kutsawa cikin gari wurin masu ƙasa. A kusan kowane babban garin Ingila baƙon zai tarar da ƙofa biyu. Ta farko tsohon kulob ne na unguwa, mai filinsa na kansa da zauren hutawa, wanda yake fitar da rukuni na farko da na biyu da na uku kowace Asabar, a cikin gasannin da waɗansunsu suka haura shekara ɗari: ta Birmingham tun 1888, ta Lancashire tun 1892, ta Bradford tun 1903. Ta biyu ƙungiya ce ta mutanen da iyayensu suka zo daga Pakistan, ko Indiya, ko tsibiran Karibiyan, wadda galibi ran Lahadi take wasa a filayen shaƙatawa na hukumar gari, a cikin gasannin da baƙin suka kafa wa kansu, irin gasar Quaid-e-Azam da aka soma a Bradford a farkon shekarun 1980. A kan wacce ce ta fi dacewa da shi masana wannan sha'ani suka yi saɓani, kowane ɓangare kuwa da hujjarsa mai nauyi.

Masu cewa ya nufi tsohon kulob, hujjarsu ta farko ƙasa ce, watau filin kansa. Wanda bai san wasan ba zai zaci duk ciyawa ciyawa ce, alhali kuwa wasan duka yana rataye ne a kan wani ɗan tsiri mai tsawon yadi 22 a tsakiyar fili, inda mai jifa yake dira ƙwallo kafin ta isa ga mai bugu. Kuma wannan tsiri ba ya kyau sai an sami wani dattijo wanda ya mai da shi tamkar gonarsa, yana fitowa tun watan Maris cikin sanyi ya bi shi da na'urar daddalewa mai nauyi, gaba da baya, har ƙasar ta yi tauri, ya aske ciyawar ƙasa-ƙasa har ta koma fari-fari, ya ja mata rufi da zarar hadari ya haɗu, kana da kaka ya sake barbaɗa mata iri da yumɓu. A kan irin wannan tsiri ƙwallo takan tashi da gaskiya, mai bugu ya san inda za ta iso, ya koyi haƙuri da kyawun tsayuwa. A filin hukuma kuwa, inda 'yan tamaula suka sha tattakawa duk tsawon hunturu, karnuka kuma suka yi nasu, ƙwallon fata mai nauyin wajen giram 160, mai taurin dutse, takan yi ƙasa a jifa ɗaya ta tashi zuwa haƙori a na biyu, har ya zama mai bugu ba shi da dabara sai ya rufe ido ya kai duka tun kafin a fitar da shi. Suka ce wanda ya shekara uku a irin wannan wuri hannunsa ya lalace, ko da zuciyarsa ta ji daɗi.

Hujja ta biyu ita ce tsani. Tsohon kulob yana da matakai, mutum ya fara a rukuni na uku, in ya yi abin kirki a ɗaga shi, in tsufa ya zo a sauko da shi a hankali ba tare da an kore shi ba. Kuma ta wannan tsani ne ƙungiyoyin larduna, masu biyan albashi, suke leƙo yara masu baiwa. Hukumar kurket ta Ingila da Wales ta faɗa da bakinta a 2018 cewa wajen kashi 30 cikin ɗari na masu buga wasan don sha'awa asalinsu Kudancin Asiya ne, amma a cikin masu cin abinci da shi ba su wuce kashi 4 ba. Masu wannan ra'ayi suka ce wani sashe na wannan giɓi daga nan ya taso, domin yaron da ubansa ya tsaya a filin hukuma ran Lahadi ba ya bi ta gaban idon masu zaɓe. Sukan kuma kawo labarin Basil D'Oliveira, wanda dokar wariyar launin fata ta hana shi manyan filayen Afirka ta Kudu, ya girma yana wasa a kan shimfiɗar tabarma bisa tsandauri a Cape Town, har ya rubuta wa mai sharhin rediyo John Arlott yana neman hanya. A 1960 kulob ɗin Middleton, kusa da Manchesta, ya ɗauke shi, makonnin farko jiƙaƙƙiyar ciyawar Ingila ta ruɗa shi har ya kusa fid da rai, amma 'yan kulob ɗin suka nuna masa yadda ake jiran ƙwallo a irin wannan ƙasa, kafin kaka ta ƙare ya zama na gaba a gasar, a 1966 kuma ya sa rigar Ingila. Kafinsa akwai Learie Constantine, mutumin Tirinidad, wanda ya sauka a ɗan garin masaƙa na Nelson a 1929, lokacin da yara ke bin baƙin mutum da kallo a titi. A kaka tara da ya yi musu sau bakwai suna cin gasar Lancashire, kuma da aka naɗa shi a Majalisar Dattawan Ingila a 1969, baƙar fata na farko da ya sami wannan, sunan Nelson yana cikin laƙabinsa.

Sa'an nan sukan ƙara da maganar maƙwabtaka, su ce da ɗan gari akan ci gari. A rukuni na uku na tsohon kulob za ka ga mai gyaran famfo yana tsaye kusa da likita, da malamin makaranta, da yaro ɗan shekara goma sha huɗu tare da kakansa. Baƙon da ya shiga cikinsu, kafin watan Satumba ya san wanda zai kira in bututun gidansa ya fashe, da makarantar da ta fi kyau a unguwa, 'ya'yansa kuma sun sami inda za su je koyon wasa ran Juma'a da maraice.

To, amma masu cewa ya nemi danginsa ba su musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan fa'idodi ba. Abin da suka ce shi ne, a tambayi dalilin da ya sa iyayensu suka bar wannan kyakkyawar ciyawa suka koma filin karnuka, domin ba wanda yake zaɓar wahala don nishaɗi. Amsar kuwa sananniya ce: da yawa daga cikinsu sun ƙwanƙwasa ƙofar tsofaffin kulob-kulob a shekarun 1960 da 1970, aka ce musu babu gurbi, ko aka karɓi kuɗinsu aka bar su suna tsare gefen fili. Wannan na biyun shi ne ciwon da ya fi yawa har yau, kuma yana buƙatar bayani ga wanda bai san wasan ba. A tamaula duk wanda aka sa a fili zai taɓa ƙwallo. A kurket kuwa kyaftin shi ke da ikon jera masu bugu daga na ɗaya zuwa na goma sha ɗaya, shi ne kuma yake miƙa ƙwallo ga wanda ya ga dama ya yi jifa, har yana yiwuwa mutum ya biya kuɗin shekara, ya biya kuɗin wasan ranar, ya bar gida da hantsi, ya tsaya awa uku a can bakin igiyar iyakar fili yana korar ƙuda, a sa shi na tara a bugu, wasa ya ƙare layi bai zo kansa ba, ya koma gida bayan ƙarfe takwas farin wandonsa ko ƙura bai taɓa ba. Ba a zage shi ba, ba a kore shi ba, kowa ya yi masa murmushi. Ran Asabar mai zuwa kuma a maimaita.

Hujjarsu ta biyu ta shafi addini, kuma ita ce mafi nauyi ga Musulmi. Yawancin tsofaffin kulob-kulob da kuɗin mashaya suke rayuwa, da ribar giya ake sayen iri da man na'urar yankan ciyawa. Bayan an tashi wasa can ake taruwa, can ake sabo, can kyaftin yake gane wanda ransa ya kwanta da shi, saboda haka wanda ya yi sallama ya tafi da zarar an tashi, ko da ya fi kowa iya wasa, ana ganinsa kamar mai gudun mutane. A tsakiyar wasa kuma akwai hutun shan shayi, al'adar da Turawan Ingila ba su wasa da ita, inda ake jera burodi da kayan zaƙi a dogon tebur, sau da yawa naman alade a faranti ɗaya da cuku, baƙo ya tsaya yana ɗaga gefen burodi yana leƙawa. Azahar da La'asar duka a fili suke riskarsa. A shekarun da Ramadan ya faɗo tsakiyar bazara, kamar daga 2014 zuwa 2017, azumi a arewacin Ingila yakan haura awa goma sha takwas. A ƙungiyar dangi babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar roƙo ko bayani: an yi hutu, wani ya buɗe bayan mota ya sauko da tukunyar shinkafa da nama, waɗansu sun shimfiɗa tawul bayan igiya sun ta da sahu, alƙalin wasa ma yana ciki. Kuɗin shiga kaɗan ne, kayan wasa a jaka ɗaya kowa ya ɗauka, ranar kuma Lahadi ce, wadda ta fi sauƙi ga direban tasi da mai kanti, waɗanda Asabar ita ce kasuwarsu. Malaman usulu sun ce kauce wa ɓarna ya gabaci jawo amfani. Masu wannan ra'ayi suka ce kyawun ciyawa maslaha ce, zaman mashaya kuwa mafsada, don haka hukuncin a fili yake.

Ba su kuma rasa shaidu na zamani ba. A watan Nuwamba na 2021 Azeem Rafiq, tsohon ɗan wasan lardin Yorkshire, ya zauna gaban kwamitin majalisar dokoki ya zayyana cin mutuncin da ya ce ya sha saboda asalinsa. A watan Yuni na 2023 kuma wani kwamiti mai zaman kansa, ƙarƙashin Cindy Butts, bayan ya ji daga mutum fiye da 4,000, ya ba da rahoto cewa wariyar launi da ta jinsi da ta aji sun yi katutu a wasan, har rabin waɗanda suka amsa suka ce an nuna musu bambanci, a cikin masu asalin Pakistan da Bangaladash kuwa kashi 87 cikin ɗari. Hukumar wasan ta fito ta nemi gafara. Wanda ya fi kowa bayyana nauyin wannan zaɓi shi ne marubucin nan na Tirinidad, C. L. R. James, a littafinsa Beyond a Boundary na 1963. A zamanin ƙuruciyarsa kulob-kulob na Port of Spain, babban birnin ƙasarsa, a jere suke bisa launi da dukiya, Queen's Park na Turawa masu hali a sama, Stingo na talakawa baƙaƙe a ƙasa; shi kuwa, baƙi ne mai ilmin boko, zaɓinsa ya tsaya tsakanin Maple, na masu hasken fata 'yan matsakaicin aji inda abokan karatunsa suke, da Shannon, na baƙaƙe malaman makaranta da akawuna, inda su Constantine suke. Ya zaɓi Maple, daga baya ya yi ikirari cewa wannan ya raba shi da jama'arsa, ya kuma jinkirta wayewarsa ta siyasa shekaru masu yawa.

In aka zo tarjihi, sai a ga kowane ɓangare ya ɗora wa shaidunsa kayan da ya fi ƙarfinsu. Constantine da D'Oliveira gwanaye ne da aka ɗauko da albashi don su ci gasa, kuma kulob ba ya ajiye wanda ya biya a bakin igiya. Ƙiyasta akawun banki mai matsakaicin hannu a kansu ƙiyasi ne tare da bambanci. Haka nan labarin James, gama Shannon, ban da kasancewarsa kulob ɗin danginsa, shi ne kuma inda ake buga kurket mafi tsanani a tsibirin, saboda haka da ya shiga can da ya haɗa zumunci da ƙwarewa, abin da filin hukuma a Birmingham bai cika bayarwa ba. Rahoton 2023 gaskiya ne, amma hukunci ne a kan wasan baki ɗaya, ba a kan kulob ɗin da ke ƙarshen layin baƙo ba. Kulob-kulob a Ingila dubbai ne, da yawa kuma a Bradford da Birmingham da Leicester yau ba za su iya cika goma sha ɗaya ba in ba da 'ya'yan Musulmi ba, har waɗansu sun daɗe da sauya abin da ake jerawa a teburin shayi.

Akwai kuma wani abu da masu yabon ƙungiyar dangi ba su cika faɗa ba, wanda ya kamata ɗan Nijeriya ko ɗan Gana da ya je aikin asibiti ko karatu ya riƙe: dangi na wani ne. Ƙungiyar Lahadi sau da yawa 'yan ƙauye ɗaya ne daga yankin Mirpur da ke ƙarƙashin Pakistan, ko ma 'yan gida ɗaya, da Fanjabi suke kiran juna a fili, ɗan'uwan kyaftin shi ke buɗe jifa, surukinsa shi ke buɗe bugu. Bahaushe zai sami sahun salla da shinkafa, lalle, amma lamba ta tara tana nan tana jiransa kamar yadda take a can, sai dai a nan ba sakataren da zai kai wa kuka, ba kuma rukuni na biyu da zai koma. Cutar son kai a jerin masu bugu ba ta san launi ba.

Ni abin da ya rinjaya a wurina shi ne tsohon kulob, ga wanda ya zo da niyyar zama kuma yana da 'ya'ya, domin fili da tsani abubuwa ne da ƙungiyar dangi ba ta iya ƙirƙirarsu da kyakkyawar niyya, alhali wurin salla da abincin halal abubuwa ne da tsohon kulob yake iya bayarwa a rana ɗaya in kyaftin mutumin kirki ne. Batun mashaya kuma, mutum yana iya tsayawa a baranda rabin awa da kofin shayi a yi hirar wasa, ya taya jan rufi a kan tsiri, ya tafi, ya sami kaso mai tsoka na sabon ba tare da ya zauna inda ake sha ba. Wanda kuwa shekara ɗaya ko biyu zai yi, ko Asabar ranar neman abincinsa ce, ko ya gwada ya ga ana ƙyamar sallarsa, ba shi da dalilin wahalar da kansa, ƙungiyar Lahadi ta wadatar. Samari marasa aure da yawa sukan haɗa biyun, Asabar nan Lahadi can. Mai iyali da ya gwada haka zai ji hukuncinsa a gida kafin watan Yuni.

Sai dai wannan rinjaye yana da sharaɗi, shi ne baƙo ya gane cewa sunan kulob da kofunan da ke cikin gilashi ba su za su tsaya da shi a fili ba, mutum goma ne da kyaftin ɗaya, kuma a kulob guda rukuni na biyu yana iya zama gidan rahama, na uku gidan gaba. Hanyar bincike a buɗe take. Daga Janairu zuwa Maris kulob-kulob sukan yi hayar zauren wasanni na wata makaranta da dare, su rataya raga su yi atisaye, kuma ba a hana baƙo. Sai ya je wa biyu ko uku, ya lura ko an tambayi sunansa, ko an ba shi minti goma na bugu daidai da kowa ko kuwa an bar shi yana ta jifa wa manya har aka kashe fitila. Sakamakon wasannin bara duka yana shafin Play-Cricket a intanet, suna da suna. In ya ga mutum huɗu ne suka yi jifa duk shekara, kuma babu sabon suna a biyar na farko a jerin masu bugu, ya riga ya sami amsarsa. Shi ma kuma ya ji tsoron Allah wajen faɗin matsayinsa, gama da yawa sukan zo su ce a garinsu rukuni na farko suke, jifa shida kuwa ta isa ta tona asiri. Gara ya rage, a ɗaga shi. Kada kuma ya yi gaggawar sa hannu, domin da zarar an yi masa rajista a gasa, sauya kulob a tsakiyar kaka sai da yardar wanda zai bari, bayan ya biya duk bashin da ake binsa, kuma yawancin gasanni suna da ranar da in ta wuce ba a karɓar canji sai baɗi.